Gefen Littafin da Yaya Ya Yanke

Tun da na dawo daga kudu ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a gidan ta'aziyya, har a layin famfo, kowa sai ya tare ni: "Hajiya Dije, wai me ya kai ki bayan kogin Kwara da tsufanki?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na maimaita sai na ji jinina ya hau. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wadda ba ta iya karatu ba ta sa a karanta mata, a ƙyale ni in sha iska.

Wuƙa ce ta kai ni. Wuƙar yayana Mamman, baduku a unguwar Birni, wanda duk Damagaram ta san hannunsa a kan fata. Ɗansa Laminu kuwa, wanda na karɓi haihuwarsa da hannuna lokacin ina aikin ungozoma, shi ne ya je Najeriya ya koyi tuƙin jirgin sama a wata ƙaramar makaranta. Wahalar da dangi suka sha kafin ya gama, ba sai na faɗa ba. Bayan dogon zaman jira, wani kamfani a Yamai mai kai majinyata da magunguna da ƙananan jirage ya kira shi. Suka sa shi a horo, suka ce ƙarshen wata ya kawo littafinsa na tashi a duba. In littafin ya cika, aiki ya samu. In bai cika ba, sai wani.

Littafin nan, wanda Laminu ke ce wa karne, shi ne duk abin da matuƙi ya mallaka. Kowane tashi yana da layinsa, ya ratsa shafi biyu. Can gefen hagu ranar da aka tashi. Sai irin jirgin da lambarsa, inda aka tashi, inda aka sauka, tsawon lokacin da aka yi a sama, da rana ne ko da dare, shi kaɗai ne ko da malami, sau nawa ya dire ƙasa. Can ƙarshen gefen dama kuma, nan malamin da ya hau da shi yake sa hannu da tambarinsa. Ni da na yi shekaru ina cika rajistar haihuwa, kallo ɗaya na yi masa na gane: rana da sa hannu su ne ran abin.

Da Laminu zai tafi Yamai, Yaya ya ce ya bar masa littafin, zai sa masa albarka ya aika masa da shi a mota. Wane ɗa ne zai ce wa ubansa a'a? Ya bari.

Wata safiya Yaya ya aiko in zo. Na tarar da shi a zaure yana ta murmushi, ya miƙo mini abu a naɗe cikin ƙyalle. Wallahi ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Jar fatar akuya ce mai laushi, da zane a matse, da koren zare a kewaye. Na yi ta yabo har na buɗe ciki. Sai na ga tambura rabi-rabi a bakin shafi, kamar an gatsa.

Na ce, "Yaya, ina gefen?"

Ya ce, "Fatar ce ta ɗan gaza bayan na gama zanen. Sai na rage takardar ta zauna daidai. Ai ba komai a wurin, ƴan zane-zane ne."

Innalillahi! Ya jera shafukan, ya ɗora ƙarfe, ya zuga wuƙa, ya kwashe faɗin yatsa biyu daga sama har ƙasa. Ranaku sun tafi, sa hannu ya tafi. Don kada fatar akuya ta lalace!

Nan take na kira Laminu. Na gaya masa abin da ya faru. Can ya ce, "Gwaggo, a idon mutanen nan yanzu ban taɓa tashi sama ba." Ya ce makarantar ta rufe tuni. Wanda ya rage shi ne babban malaminsu, wani Kyaftin da ya yi ritaya ya koma garinsu bayan Ilori, kuma lambarsa ba ta shiga. Shi kuwa Laminu, in ya bar horo ya tafi nemansa, an cire sunansa ke nan. Yaya ya miƙo hannu in ba shi wayar. Kafin ta kai kunnensa yaron ya kashe.

Abin da na gaya wa Yaya a zauren nan, Allah ya yafe mini, amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Ya buɗe baki ya ce, "Ai guntayen..." na ce, "Rufe mini baki, Yaya! Abin da ka yanke ya yanku. Kada ka ƙara ce mini uffan a kan maganar nan. Ka ɗaura kayanka, tare za mu tafi, ka gaya wa mutumin da bakinka."

Haka muka hau kabu-kabu zuwa tasha, ni da littafi a ɗaure a ƙugu, da ƙunshin kilishi na tsaraba, shi kuma da wata sabuwar laya a wuya, ƙatuwa kamar tafin hannu. Na harare ta na ce a raina, yanzu ne ka san neman tsari. Motar ta cika har ta batse. Aka cusa ni tsakanin wata mai tallar tabarmi da wani saurayi da ya yi ta kallon wasan kokawa a waya, da ƙara, tun daga Damagaram har Matamai. Yaya bai ce komai ba. Idonsa na kan takalman mutane, don shi duk inda ya zauna sai ya duba wa ya ɗinka me.

A kan iyaka aka sauke mu. Wani mai kaki ya sa na kwance littafin. Ya juya shi, ya shafa fatar, ya ce, "Kai, wannan aiki ne!" Sai na ga Yaya yana shirin yin murmushi. Kallon da na yi masa ne ya mayar da murmushin ciki. Mutumin ya nuna layar ya ce a buɗe. Yaya, wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, ya damƙe ta da hannu biyu ya ce ba za a buɗe ba. Magana ta fara tsawo, direba na ta danna oda. Dole na shiga. Na ce, "Ɗana, dubi furfurar mutumin nan. Ya yi maka kama da mai fasa-ƙwauri? Ɓarnar da zai yi a duniya ya riga ya yi ta a gida, ga ta a hannunka." Ya yi dariya ya sallame mu, amma sai da ya ɗanɗana kilishina, ɗanɗanon da ya ci kusurwa guda.

A Kano muka sauka gidan ƴar wata ƙawata. Mutanen kirki ne, sai dai ba su bar ni na huta ba. In na ce lakwal, wato makaranta, su kwashe da dariya, in na ce biro, wato ofis, su ce in sake faɗa. Na ce musu ku da kuke cusa Turanci a kowace magana har gaisuwa, ba ku da bakin yi wa kowa dariya. Garin kuma ba ya yin shiru. Kowa sauri yake yi, kuma in ka tambayi hanya sai a nuna maka da haɓa a wuce.

A tashar motocin kudu ne Shaiɗan ya same ni. Ina ba wata mata labari, don ni ba na iya riƙe abu a ciki, sai wani mutum mai tsabtar riga ya matso. Ya ce, "Hajiya, wannan ai ƙaramin abu ne. Me zai kai ki kudu? Akwai mai yin tambari a bayan nan, kowane iri. Sa hannu kuwa, kafin ki sha ruwa an gama." Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta kwanta da maganar. Gwiwoyina na ciwo, hanya kuma ko rabi ba mu yi ba. Na koma gefe na kira Laminu.

Ya ce, "Gwaggo, in aka gano, na gama da jirgi har abada. Ko ba a gano ba ma, ke za ki yarda a ɗora majinyaci a jirgin wanda ya sayi sa hannu a tasha?"

Na ce, "To ai ka yi tashin nan da gaske, ba ƙarya za a rubuta ba!"

Ya ce, "Na yi. Amma wanda ya gani ne zai shaida."

Na ce masa ga babansa kusa. Ya ce an kira su aji. Na dawo na sauke haushina a kan mai tsabtar riga, har ya bar tashar ba sallama.

Motar kudu doguwa ce, hanyar kuma ta fi ta tsawo. Kafin mu fita gari wani ya miƙe ya yi wa'azi, ya zauna, wani ya miƙe da maganin da ke warkar da basir da hawan jini da ciwon haƙori duk a kwalba ɗaya. Na ce masa ni ma'aikaciyar asibiti ce, ya ji tsoron Allah. Ya ce to Hajiya ke sai a rage miki. Ramukan hanya kuwa, wani in mota ta faɗa sai ka ji hanjinka ya taɓa maƙogwaro. Yaya ya yi ta salati a hankali, hannunsa a kan laya.

Abin da ya fi ba ni haushi a duk tafiyar, bayan Yaya, shi ne Kwara. Da muka hau gada na leƙa, sai ga ruwa iya ganinka, yana ta wucewa, ba mai tare shi, ba ko jarka ɗaya a bakinsa. Mu da muke kwana da kunne a kan famfo, muna bin ƴan garuwa da roƙo! Na taɓa Yaya na ce dubi. Ya duba ya ce, "Ikon Allah." Kalmarsa ta farko gare ni ke nan tun Kano, kuma na tuna ina fushi da shi, sai na janye hannuna.

Garin Kyaftin ƙarami ne, kore shar, ko'ina jar laka da rufin kwano mai tsatsa. Muka nemi unguwar Hausawa, aka kai mu wurin mai unguwar, ya sa aka ba ni ɗaki a gidan wata dattijuwa mai sayar da goro, Yaya kuma a zauren masallaci. Ruwan sama a can ba ya neman izini. Ya sauko a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa, ya ɗauke, ya dawo. Na shanya zanena, har muka bar garin bai bushe ba.

Abinci kuwa, an kawo mini wani tuwo baƙi mai santsi, na garin doya, da miya kore mai yauƙi. Na ɗanɗana na ce, "Wannan ai lalo ne, suna kawai kuka sauya masa." Sai dai barkonon da suka zuba a kai, wallahi ko a kan maƙiyi ba zan zuba shi ba. Na ci ina hawaye, mai gidan na ta ce mini sannu tana ƙara mini. Amma abu ɗaya na yaba musu. Yaro in zai gai da babba sai ya kwanta rub da ciki, mace ta durƙusa har ƙasa, ko a tsakiyar kasuwa ne. Na ce da za a kawo ƴan kabu-kabun Zangon Damagaram nan su yi wata guda, da an taimaki al'umma.

Da safe aka raka mu gidan Kyaftin. Na zaci zan ga ƙaton mutum da kaki. Sai ga wani gajeren tsoho da guntun wando, yana watsa wa kifi abinci a wani kududdufin siminti a bayan gida. Ya yi shekaru a arewa, Hausarsa na da nauyi amma tana fita. Da na ambaci Laminu fuskarsa ta saki. Ya ce, "Yaron Nijar! Mai saukar da jirgi kamar yana ajiye ƙwai." Matarsa ta kawo kujeru da ruwa.

Ni kuma, yadda aka koya mana, na fara da tsaraba. Na ajiye kilishi a gabansa, sannan na ce mun zo neman sa hannu. Nan take fuskar ta rufe. Ya tura ƙunshin da ɗan yatsa har ya dawo gabana.

Ya ce, "Madam, ɗauke wannan tukuna."

Jama'a, ni Dije, a mayar mini da tsaraba! Na ce, "Kyaftin, a garinmu ba a shiga gidan mutum hannu sake. Wannan nama ne, ba cin hanci ba. In sayenka na zo yi, da kilishin da aka gatsa a kan iyaka zan zo?" Matarsa ta rufe baki tana dariya. Shi ko gezau. Ya ce a aikinsu ba a haɗa kyauta da sa hannu a tebur ɗaya. Na ɗauke, ina huci, na miƙa masa littafin.

Ya shafa fatar, ya buɗe, ya sa tabarau. Ya juya shafi, ya juya wani. Ya cire tabarau ɗin ya ajiye.

"Wa ya yi wannan?"

Na buɗe baki, amma Yaya ya riga ni. Ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ni ne ubansa. Na so in yi masa abin da na iya ne."

Kyaftin ya daɗe yana kallonsa. Na so ya zage shi, don in samu mai taya ni, amma bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da nasa littattafan, tuli guda, duk sun tsufa. Ya ce malami ma yana rubuta kowane tashi a nasa, da sunan ɗalibin da ya hau da shi. Zai bi layi-layi. Inda lambar jirgi da hanya da tsawon lokaci suka dace da nasa, zai mayar da ranar ya sa hannu sabo. Inda ba su dace ba, ba zai taɓa ba.

Haka muka wuni. Yana karantawa, ni ina riƙe masa da ƙarfen awo a kan layi, don idona ya saba da rajista. Mutumin nan ba ya tsallake komai. Wani wuri ya tsaya a kan bambancin ƴan mintoci har sai da ya gano dalili. Na ce, "Kyaftin, wa zai lura da wannan?" Ya ce shi ya lura. Raina ya fara sanyi ganin sa hannu na ƙaruwa, har muka iso wasu shafuka a tsakiya, sai ya ajiye alƙalami.

Ya ce, "Waɗannan tashin dare ne. Ba ni na hau da shi ba. Abokina ne, kuma ya rasu bara."

Tashin dare kuwa, Laminu ya riga ya gaya mini, shi kamfanin ya fi dubawa, don ciwo ba ya jiran gari ya waye. In babu shi, sauran duk aikin banza ne.

Na ce, "To sa masa hannu mana. Ka san yaron, ka san ya yi."

Ya ce, "Na yarda ya yi. Amma ba na cikin jirgin."

Na roƙe shi. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da iyayensa. Har durƙusawa na yi irin tasu, da waɗannan gwiwoyin nawa, sai da matarsa ta ɗaga ni. Da roƙo ya ƙi ci sai na koma faɗa. Na ce mun ƙetare ƙasa, mun ƙetare kogi, mun ci barkonon da ba a ba bil'adama, don ya zauna a kan kujera ya kashe rayuwar yaro saboda zane ɗaya na alƙalami? Na ce wannan ba gaskiya ba ce, taurin kai ne.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Madam, kin ce ke ungozoma ce. Kin taɓa rubuta cewa kin karɓi haihuwar da ba ki gani ba?"

Na yi shiru. Kuma ba abin da ke ƙona mini rai kamar a sa ni yin shiru.

Ya rufe littafin a hankali, ya ce shi ma abin ya dame shi. Ya ce, "Da a ce ba a zubar da gefen da aka yanke ba, da akwai magana. Na san hannun abokina kamar nawa."

Sai na ji motsi a bayana. Yaya ne ya zura hannu a aljihu ya fito da wuƙa. Wuƙar nan dai, ita ce, ashe har da ita ya yi tafiyar. Ya ciro layar daga wuyansa, ya ɗora a gwiwa, ya bi ɗinkin ya farke. Ya zazzage a kan tebur. Dogayen guntayen takarda ne, an naɗe su tsaf, kowanne da rabin tambari da sa hannu a fuska ɗaya, da ranaku a ɗaya fuskar.

Ya ce, "Rubutu ne. Ba a zubar da rubutu, ba a san sunan da ke ciki ba. Na ɗinke ne in ba yaron ya ajiye."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Yaya! Tun daga Birni abin nan yana rataye a wuyanka? Ka bar ni na yi faɗa da mai kaki, na kusa sayen tambarin tasha, na durƙusa wa mutum a gidansa, kana zaune da shi a ƙirji kamar gunki?"

Ya ce, "Na fara gaya miki a zaure, Dije. Kika ce in rufe baki, abin da na yanke ya yanku."

Kun ji fa! Wai ni ce da laifi. Mutum ya yanka littafin ɗansa, amma ni ce da laifi don na ce ya yi shiru. Tun muna yara bai taɓa jin maganata ba sai wannan karon.

Kyaftin bai kula mu ba. Ya riga ya ɗauki guntu ɗaya ya kai kusa da ido. Ya daɗe a haka, har matarsa ta dafa kafaɗarsa. Ya ce, "Shi ne. Kullum sai ya ja wutsiyar nan ta fita daga layi."

Washegari muka dawo aka yi aikin haɗawa. Kowane guntu aka nemo shafinsa, rabin tambari ya sadu da rabinsa. Yaya ya ce zai iya ɗinke su da zare mai siriri yadda ba za a gane ba. Ni da Kyaftin muka ce "A'a!" a tare, karo na farko da bakinmu ya zo ɗaya. Kyaftin ya sa wa kowane guntu lamba da fensir, ya sa irinta a shafinsa, ya zuba su a ambulan. Ya rubuta takardar shaida cewa ya ga guntayen, ya san hannun mamacin, kuma ga yadda aka yi littafin ya yanku. Wasu layuka ba su tsira ba, don allurar Yaya ta bi ta kansu lokacin ɗinkin laya ta cinye sa hannun. Waɗannan Kyaftin ya ja musu layi da kansa.

Ya ce, "Ban yi muku alkawarin komai ba. Masu dubawa ne za su yanke."

Da muka miƙe za mu tafi, ya ce, "Madam, ina naman nan?" Na ce ai na zaci haramun ne. Ya ce yanzu an rufe littafi. Na ba shi, amma sai da na gaya masa cewa a Damagaram da ya yi wa wata haka, da har jikokinsa sun ji labari.

Dawowa ba ta da labari, hanyar dai ita ce, ramukan ba su ragu ba. Ban yarda da kowane direba ba, ni na kai littafin Yamai da kaina na danƙa wa Laminu. Ya duba fatar, ya duba ambulan. Na ce babanka na gaishe ka. Ya ce yana amsawa, ya kawar da kai.

Na dawo gida muka shiga jira. Yaya bai buɗe zaurensa ba. Masu kawo gyaran takalmi da masu neman kube su zo su koma. Kullum bayan la'asar sai ya zo gidana ya zauna a kan tabarma kusa da inda nake ajiye waya. In ta yi ƙara ya zabura, in ya ji ba Laminu ba ne ya koma ya zauna. Mutumin ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina jin tausayinsa, kuma ina jin haushin yadda yake sa ni jin tausayin.

Ranar da kiran ya zo ina tankaɗe. Laminu ya ce sun karɓa. Sun cire layukan da allura ta ci, sun sa shi ya tashi da nasu kyaftin don su gani da idonsu, kuma ya wuce. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sai na ji ya ce, "Gwaggo, Baba na kusa? Ba ni shi."

Na miƙa wa Yaya. Ya riƙe wayar da hannu biyu. Na ƙara muryar wayar don in ji. Laminu ya ce, "Baba, ina wuni. An ɗauke ni." Na dubi Yaya. Hawaye na bin gemunsa. Na ce a raina, to yau dai zai nemi gafarar yaron nan. Can ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya.

Ya ce, "Alhamdulillahi. To... fatar fa? Ba su ce komai a kan fatar ba?"

Na ɗaga rariya zan kwaɗa masa, wallahi na ɗaga. Sai na ji Laminu ya fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun yana ɗan lakwal, yana yi yana shaƙewa.

Ya ce, "Sun ce, Baba. Babbansu ya tambayi wanda ya yi. Na ce babana ne."

Washegari da sassafe na ji an buɗe zauren. Na aika masa da kunu, amma ban je ba, don har yanzu ban huce ba. Wuƙar kuwa, tun a gidan Kyaftin na ƙwace ta, tana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Ya aiko neman ta sau da yawa. Na ce a gaya masa ya sayi wata, wannan ta gama aiki.